Na Kai Gero Bakin Teku

Tun da na dawo ba a bar ni na sha ruwa ya sauka ba. A ajinmu na yaƙi da jahilci, a bakin famfo, har a gidan gaisuwar mutuwa, sai wata ta matso ta dafa ni ta ce, "Inna Kulu, wai da gaske ruwan ba shi da ƙarshe?" Wata ta ce, "Wai gishiri gare shi?" Na gaji. Malamarmu ta ce tunda hannuna ya faɗa da rubutu, in rubuta musu. To ga shi. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, a ƙyale ni. Mai jiran labarin daɗi kuwa ta tashi tun yanzu, don ni ba yawon buɗe ido ya kai ni ba.

Ƙauyenmu yana bayan Kucheri, a ƙasar Tsafe. Ranar da 'yan bindiga suka shigo mana, 'ya'yana maza biyu suna gona. Ƙaramin, Isiya, a kunyar gero aka tsince shi. Babban suka tafi da shi daji. Da Allah ya sa aka sako shi, ya dawo ba ya magana, ba ya cin abinci sai an tsaya a kansa, in babur ya wuce sai ya shige bayan ƙofa. Wata safiya aka nemi shi aka rasa. Sai daga baya ya kira ƙanwarsa a waya ya ce yana kudu, yana lafiya, kada a neme shi. Mu kuma muka kwaso abin da wuta ta bari muka faɗa wani kango a Gusau, ginin wani Alhaji da bai kai ga rufi ba. A kangon nan Malam, maigidana, ya kwanta ciwo har ya cika.

Abin da Malam ya fito da shi daga rumbunmu da aka ƙona, zangarniyar gero ce 'yar ɗauri ɗaya. Geron gidansu ne tun kakansa, mai gashi, wanda tsuntsu ba ya iya sauka a kansa. Mun sha yunwa a kangon nan, amma ko sau ɗaya bai bari an taɓa shi ba. Yana rataye a ƙusa bisa kansa har ranar da aka fitar da shi.

Bayan kaka sai maigarinmu ya aiko. Wai an yi sulhu, mutane sun fara komawa, kuma duk gonar da ba a share ba kafin ruwan fari za a ba wanda zai iya nomanta, don ba za a bar daji ya kewaye gari ba. Ni mace ce, gwiwa ta tafi. Namiji ɗaya ya rage mini a duniya. In bai dawo ba, gona ta tafi, ni kuma a kangon wani zan mutu.

Kun san bakina. Na taɓa faɗa wa kansila magana a gaban jama'a har ya nemi hularsa ya rasa. Amma wannan ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa zama na kalli idonsa na yi hira da shi ba. Haka uwata ta yi da yayana, haka na taso na gani. In ina son ya ɗebo ruwa sai in ce wa bango, "Randa dai ta bushe." To ta yaya zan buɗe baki in roƙe shi? Sai na ce geron ubansa zai yi mini magana. In na ajiye shi a gabansa, ba sai na ce komai ba. Na sauke shi daga ƙusa, na naɗe a tsohon rawanin Malam, na sa a ƙasan jaka.

Wadda ta ja ni ita ce Hajiya Luba ta Bungudu, mai fataucin atamfa zuwa Kwatano. Ƙatuwar mace ce, mai dariya kamar ana fasa ƙwarya, hanyar nan ta san ta kamar tsakar gidanta. Ta ce, "Kulu, in kin yarda ki rufe bakinki a boda, zan kai ki." Na ce zan gwada.

A tashar Gusau mota ta cika tun da wuri, amma direba ya ƙi tashi sai da rana ta ɗaga, motoci suka taru aka fita a jere. Daga nan zuwa Tsafe ba wanda ya yi tari. Wani ɗan kasuwa a gabana yana jan carbi har yatsunsa suna ƙara. Da muka zo mararrabar da ke shiga wajenmu na leƙa. Ciyawa ta cinye hanyar, sai sawun babura. Itacen tsamiyar da muke jiran mota a ƙarƙashinsa yana nan, ba kowa. Na mayar da kaina ciki. Sai da muka hango Funtuwa mutane suka tuna suna da baki, aka fara sayen rake ana tsokanar direba wai ya tuƙa mu kamar ya sato motar.

Hanyar Legas ba zan ɓata muku takarda a kanta ba. Zama ne har ƙafa ta kumbura ta ƙi shiga takalmi. Wani mutum ya tashi a tsakiyar bas yana tallar magani ɗaya da ke warkar da basir da hawan jini da mantuwa. Na ce masa ya sha da kansa, don ya manta ya faɗa mana wannan tun ɗazu. Hajiya ta mintsine ni. A Legas muka sauka unguwar 'yan goro, a wani ɗaki da mata fatake suke kwana a jere kamar buhuna. Garin nan kowa gudu yake, ban ga abin da ya koro su ba.

A bodar Seme aka sauke mu aka ce kowa ya buɗe kaya. Wani mai kaki ya zura hannu a jakata ya ciro ƙullin daddawa, ya kai hanci, ya yi baya kamar an mare shi. Abokan aikinsa suka yi ta dariya. Sai ya ciro rawanin Malam ya warware, ya ɗaga geron yana juyawa, yana kaɗa shi a bakin jakar kamar mai kakkaɓe tsintsiya. Da Hausarsa ta tsinta-tsinta ya ce, "Mama, wannan magani?"

Na ce, "Abinci ne. Shi uwarka ta sha ta samu nonon da ta ba ka."

Allah ya taimake ni bai ji duka ba. Hajiya ta faɗa tsakani da Turancinta na kasuwa, ta yi ta ba shi haƙuri, ta naɗe geron ta tura ni gaba. Da muka tsallaka ta ce, "Wagga ita ce rufe bakin?" Na ce ai na rage.

Kwatano gari ne na babura. 'Yan kabu-kabunsu duk riga ɗaya suke sawa, ruwan ɗorawa, suna tafe kamar tururuwa. Mata ma suna tuƙa nasu, da goyo a baya da kaya a gaba, ba mai kallonsu. Man fetur a manyan kwalabe ake sayar da shi a bakin titi. Ni dai duk sanda tarin baburan nan ya taso sai in raɓe bayan Hajiya, don a wajenmu in ka ji babura da yawa sun taho tare, ba ka tsayawa neman takalmi. A Zango muka sauka. Nan kam Hausa ake yi, har hura na samu, sai dai an cika mata sukari. Abincin garin kuwa kafar masara ce mai tsami, a naɗe a ganye, da yaji da soyayyen kifi. Na ci don kada in faɗi.

Hajiya ta bi masu shayi da masu tsire tana tambaya. Ita ke faɗin sunan, ni ina gefe ina kallon ƙasa. Wani dattijo mai gyaran takalmi, mutumin Gummi, ya ce, "Dogo, mai tabo a wuya, wanda ba ya son magana? Ai wanga ba a san shi da wannan suna ba. Zamfara suke ce mishi. Yana can Popo wajen masu jirgin ruwa." Na ji abin har cikin ƙashina. Ya gudu daga ƙasar, sunanta ya bi shi. Amma ko ba komai na samu sunan da bakina zai iya faɗi.

Daga Kwatano zuwa Popo hanya ce mai bin gefen ruwa, itatuwan kwakwa hagu da dama. Kafin in ga teku na ji shi. Ƙara ce kamar babbar mota tana tahowa, tana tahowa, ba ta isowa. Da muka sauka muka hau tudun yashi, sai ga shi. To ga amsarku: ban ga ƙarshensa ba. Ruwa ne ya tashi ya haɗe da sama, kuma ba ya kwanciya, kullum cikin faɗa yake da ƙasa. Ban ji daɗi ba, ban ce kai ba. Abin da ya zo mini shi ne, duk wannan ruwa, ko kunya ɗaya ta gero ba zai shayar ba.

A bakin ruwan akwai baƙi, Turawa da baƙaƙe masu hali, kwance a rana da ɗan abin da bai kai ƙyallen jariri ba. Hajiya ta ce takanas suke tasowa daga ƙasashensu don su kwanta haka. Na ce mu da rana ta gasa a gona kyauta ashe arziki muke ci ba mu sani ba. Wasu suna hawa wani katako suna bin igiyar ruwa, ta kayar da su, su tashi su koma. Abin da ya kama idona masunta ne. Sun yi layi biyu, maza da yawa, suna jan igiyar koma daga cikin teku, mai waƙa yana bayarwa suna amsawa, mata na jira da kwanoni. Gayya ce sak, irin wadda ake yi wa Malam a gonarmu, sai dai babu kalangu. Na tsaya kallo har Hajiya ta taɓa ni ta ce, "Ga shi can."

Yana cikin masu tura wani jirgi zuwa tudu. Ya yi ƙiba, ya yi baƙi. Wani ya faɗi wata magana da yarensu, sai na ji ya yi dariya. Rabon da in ji dariyar nan tun Isiya yana da rai.

Da ya gan mu sai ya sandare. Ya taho ya durƙusa nesa kaɗan, kansa a ƙasa. "Inna, sannu da hanya."

Na kalli wani kwalekwale na ce, "Yawwa."

Shi ke nan gaisuwarmu, bayan shekarun nan. Hajiya ce ta yi sauran, ta zage shi, ta yi kuka, ta tambaye shi ko ya yi aure. Ya ce a'a. Rasuwar ubansa ya riga ya ji a waya. Bai tambayi abin da ya kawo mu ba.

Ɗakinsa ya ba mu, na ganyen kwakwa, a gidan wata mata da ake kira Maman Afi. Ƙofar ba ta da sakata. Na nuna wa Hajiya, ta tambaye shi, ya ce nan ba a rufewa. Ni dai na jingina turmi a jikinta. Maman Afi ba ta jin Hausa, ni ba na jin nata, amma mun yi hira da hannu har da gulma. A ƙofar gidanta akwai wani ɗan gunki da aka zuba wa manja, na yi a'uzubillahi na ɗauke kai. Ita kuma da ta ga na ɗauki buta, sai ta share mini wuri ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta nuna mini gabas. Ta kawo mana miyar kuɓewa, na sa hannu na ciro ƙaguwa ɗungum da ƙafafunta. Na yi ihu na yar. Matar nan ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ta ɗauke ta ta tsotse a gabana. Da safe na dama mata kunu, na sa daddawar da na zo da ita a miya, ita ma ta toshe hanci. Muka yi canjaras.

Da yamma Zamfara ya kai mu inda yake taya wasu aiki. Wani fili ne a kan yashi, an kewaye shi da shinge mai kyau, an yi rumfa, an kakkafa 'yan sanduna da rubutu. Na zaci maƙabarta ce. Ashe ƙwan kunkurun teku ne. Wai uwar takan fito ta haƙa rami ta zuba ƙwai ta koma, su kuma sai su kwashe su kawo nan don kada kare ko mutum ya ci. Akwai masu gadi, ana karɓa-karɓa, har da shi. Shugabansu wani tsoho ne, Baba Kofi, yana bayani, Zamfara yana juya wa Hajiya da Hausa ni ina ji. Ya ce waɗanda aka ƙyanƙyashe a nan, in sun girma, ko shekara nawa suka yi a teku, nan za su dawo su yi ƙwai. Na riƙe wannan maganar.

Aka fito da 'ya'yan a bokiti, kowane bai fi tafin hannun jariri ba. Baƙi suka yi layi, aka ba kowa ɗaya ya saki. Suna rarrafe zuwa ruwa ana tafi, ana ɗaukar hoto, wata Baturiya har da hawaye. Aka miƙo mini ɗaya. Na karɓa, yana motsi a hannuna, sai wani abu ya taso mini.

Na ce, "Hajiya, ƙwan kunkuru da shinge da mai gadi. Ƙwai! Ɗana aka harbe a gona kamar gafiya, wa ya zo? Wa ya tafa? Wa ya ɗauki hoto?"

"Kulu, mutane na kallo."

"Su kalla mana, ai kallo sunka zo."

Baba Kofi ya tambayi me na ce. Zamfara ya ba shi amsa gajeriya, ban san me ya faɗa ba. Tsohon ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Na sunkuya na ajiye ɗan kunkurun, don shi ba shi da laifi.

Washegari akwai baƙin da za a kai inda kogi ya haɗu da teku, Zamfara ya ce a zo da mu. Na ce yau ce ranar. Na ciro ƙunshin daga jaka na rungume. Aka ɗaura mana wata riga mai kumburi bisa hijabi, wai ko ka faɗa ruwa ba ka nutsewa. Ta Hajiya ta ƙi rufuwa, sai da aka ƙara da igiya. Jirgi ya tashi, ba a jima ba ta fara amai tana kiran sunayen 'ya'yanta tana yafe wa masu riƙe da kayanta. Mun ratsa cikin wasu itatuwa da saiwoyinsu suke tsaye a ruwa kamar ƙafafun zalɓe. Tsuntsaye fari fat a kansu, har da balbela irin tamu, na ce ke kuma shanun wa kike bi a nan? Mun wuce wani ƙauye da mata suke dafa gishiri a manyan tukwane. Shi yana tsaye a bayan jirgi da doguwar gora, yana nuna wa baƙi abubuwa da yaren da ban san ya iya ba.

Aka sauke mu a wani tsibirin yashi. Baƙi suka shiga wanka, ma'aikata suka tafi can gefe gasa kifi. Hajiya ta baje a inuwar jirgi ta rufe fuska. Na ga ya durƙusa kusa da ita ya faɗa mata wata magana, ta ɗaga hannu kawai. Azahar ta yi. Na nemi wuri mai tsabta, busasshe, nesa da ruwa kamar daga masallacin unguwarmu zuwa bakin titi. Na ɗaga kai na duba sama, ko gizagizai babu. Ku da kuka san gulbinmu, kun san ba ya cika sai an yi ruwa a wani wuri. Na ajiye ƙunshin a nan na danne da takalmana, don a nan nake so in kira shi, ba a gaban mutane ba. Na hau tudu na zaga bayan wasu ciyayi inda tsirarun nan ba za su gitta mini ba. Na yi salla. Na zauna ina jan carbi ina roƙon Allah ya sa geron ya yi abin da na kawo shi ya yi. Na daɗe, don ƙafata ta ƙi tashi.

Da na zagayo, wurin babu shi. Ruwa ne ko'ina. Takalmina ɗaya yana lilo a kai.

Ashe ruwan nan tafiya yake yana dawowa kullum, ba ruwansa da hadari. Abin da ya faɗa wa Hajiya ke nan: wai ta gaya mini kada in ajiye komai a ƙasa, ruwa na tahowa. Ina zaune kusa, taku kaɗan, amma ba zai iya fuskantata ya faɗa mini ba, sai ya ba da saƙo kamar yadda muka saba. Mai saƙon kuma tana fama da cikinta, ba ta isar ba.

Na hango fari-fari can gaba, rawanin Malam yana buɗewa. Na faɗa ruwan. Ya kai mini gwiwa, ya kai ƙugu, sai wata igiya ta ɗauke ƙafafuna ta buga ni da ƙasa. Na sha, na tashi, ta sake bugawa. Mai tambayar gishiri, e, gishiri ne, har da ɗaci. A nan ne na buɗe baki na ƙwala masa kira. Da sunansa na yanka, wanda liman ya raɗa masa. Sau nawa ban sani ba.

Shi ya ciro ni. Ya ajiye ni a tudu ina tari. Hajiya ta taso ta riƙe baki, ba don na kusa mutuwa ba, don abin da kunnenta ya ji. 

Na kalle shi cikin ido, karo na farko tun yana goye. Na ce, "Geron ubanka ne. Shi na kawo maka."

"Mai gashin?"

"Shi."

Ya juya ya faɗa ruwan, abokansa biyu suka bi shi. Suka yi ta nutso. Rawanin kawai suka samo. Ya dawo ya zauna a gabana yana matse shi, ruwa na zuba daga rawanin, yana zuba daga fuskarsa.

Tunda kunya ta riga ta tafi da geron, sai na faɗa masa komai da bakina. Saƙon maigari, da sulhu, da gona, da kango. Na ce, "Ka taho mu koma. Ko babu wanga iri, a samu wani. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Ya ninke rawanin ya ɗora a cinya. Sannan ya ce, "Inna, da wa anka yi sulhun?"

"Da su."

"Na san su. Na san wanda ya harbi Isiya, na yi wata ina ɗebo mishi ruwa. Yanzu shi zai tsaya a bakin gona da bindiga yana ba mu izinin shuka. Inna, noma duƙawa ake. In na duƙa, bayana yana wurinshi."

Na ce, "Kunkurun da kake gadi ma, tsohon nan ya ce komai daɗewa gida yake komawa."

Ya ce, "Shi ana tsare mishi gidan."



Ya ce in zauna nan, zai yi mini ɗaki, Maman Afi tana sona. Na ce ubanka yana Gusau a ƙasa, ƙanenka yana ƙauye a ƙasa, ƙanwarka na da ciki, in zauna in ci ƙaguwa? Ya yi murmushi kaɗan. Muka zauna har aka kira mu jirgi. Da ƙafa ba takalmi na koma, sai Maman Afi ce ta ba ni silifas ɗinta.

Ya raka mu har mota. Ya ba ni busasshen kifi da kwakwa, ya riƙe rawanin, ban hana shi ba. Hajiya ta cika gora da ruwan teku don masu cewa ƙarya ne. Ta yi ta ba ni haƙuri har Legas, na ce ta bari, ba ita ta haife shi ba. Da muka zo mararrabarmu a dawowa ban leƙa ba.

Gona an ba wani. Ba na jin haushinsa, yana da 'ya'ya, kuma shi ya yarda ya duƙa. An ce irin kasuwa ya shuka. Yaron yana kira yanzu, kuma ba ƙanwarsa yake nema ba, cewa yake a ba Inna. Mukan yi magana. Ban sake kama sunan ba, a nan ma ba zan rubuta shi ba.

Da na zo wanke jakar tafiya, na juye ta, sai ga 'yan ƙwayoyi a kusurwar ɗinki, waɗanda suka zube lokacin da mai kakin nan yake kaɗa geron. Ba su cika cokali ba. Da ruwan fari ya sauka na tona gindin bango a cikin kango na zuba, na kewaye da ƙaya saboda awaki. Sun fito. Yanzu sun kai mini gwiwa.

Shekaranjiya Alhaji mai ginin ya zo da magina, suka auna, suka zuba yashi a ƙofa. Ya ce ya samu hali zai yi rufi da daɓe, mu fara neman wuri. Na nuna masa geron na ce ya bar ni har ya nuna. Ya kalle shi, ya kalle ni, ya ce zai duba. Yau da safe motar siminti ta zo.